Yadda Sabon Hannu Zai Canza Kafiretar Tsohuwar Peugeot 504 da Kansa

Duk wanda ya gaji tsohuwar Peugeot 504, ko ya saye ta don sha'awa, ba zai daɗe ba zai san inda kafireta take, domin ita ake fara ɗora wa laifi idan motar ta yi gardamar tashi da safe, ko ta riƙa mutuwa a danja, ko ta koma shan mai kamar ana zuba shi a rairayi. An fara fitar da wannan mota a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har wajen 2006, shekaru da yawa bayan an daina ƙera ta a Turai. Ke nan ko ƙaramar cikinsu ta kwana biyu, wasu kuwa sun haura shekara arba'in, kuma kafiretar da ke kan yawancinsu ta sha wanki da kwancewa da ɗaurewa a hannun makanikai iri-iri. Canza ta aiki ne da sabon hannu zai iya gamawa a yini guda, domin noti biyu ne ko huɗu suke riƙe da ita. Wahalar tana wurin tabbatar da cewa ita ce mai laifin, da samo wadda ta dace da injin, da kuma zaunar da ita yadda iska ba za ta sami kafar satar shiga ba.

Kafin a sayi komai

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur a kan ma'auni kafin su shiga injin, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai idan aka auna da nauyi. Duk abin da ya ɓata wannan ma'auni zai sa mota ta yi rashin lafiya, amma alamomin da hakan ke haifarwa, wato jijjiga da katsewa da rashin ƙarfi, su ne dai alamomin da matsalar wuta ke haifarwa. Saboda haka matakin farko ba a kan kafireta yake ba. Ka cire filogi huɗun ka duba su, ka daidaita bakinsu a kan milimita 0.6, ka buɗe dilko, wato abin da ke rarraba wa filogi wuta, ka duba kontak, wanda ya kamata ya buɗe milimita 0.4, sannan ka tabbatar taimin yana daidai. Idan an daɗe ba a taɓa bawul ba, a daidaita su injin yana sanyi: milimita 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi. Mutane da yawa sun kashe kuɗi a kan sabuwar kafireta alhali kontak ne ya ƙone, suka ɗaura ta, motar ta ci gaba da halinta.

Idan wuta lafiya take, sai a koma kan kafiretar a bambanta datti da tsufa. Datti yana toshe jet, wato ƙananan ƙofofin da ke auna man da ke wucewa, kuma wanki da iskar famfo suna maganinsa. Allurar da ke tsayar da mai idan ta gaji, ko fulot, wato abin da ke yawo a kan mai yana tura allurar, idan ya huje ya sha mai ya nutse, su ne ke jawo abin da makanikai ke kira obafulo, wato ambaliyar mai, kuma ana sayar da su daban, ba sai an yar da kafiretar gaba ɗaya ba. Abin da wanki ba ya gyarawa shi ne cinyewar gangar jikin. Ka kama ƙarshen sandar totur, wato ƙarfen da ya ratsa gindin kafireta yana juya faifan da ke buɗe wa iska hanya, ka girgiza shi sama da ƙasa. Idan ka ji yana ƙas-ƙas a cikin raminsa, ko ka ga baƙin danshi ya taru a kewayensa, to ramin ya faɗaɗa, iska tana shiga ta nan ba tare da an auna ta ba. Irin wannan mota ba ta riƙe silo, wato gudun injin idan ba a taka totur ba: ka daidaita ta yanzu, ka taka totur ka saki, ta zauna a wani wuri daban. Haka kuma idan gindin kafiretar ya lanƙwashe saboda yawan matse noti, ko zaren sukurori ya mutu, ko an liƙe wani tsagu da gam. A nan ne canji ya zama dole.

Samo wadda ta dace

Ba kafireta ɗaya ce a kan dukan 504 ba. Injin mai lita 1.8, wanda ake kira XM7, yawanci yana ɗauke da Solex 34 BICSA mai maƙogwaro ɗaya, wadda ake jan cok ɗinta, wato abin da ke rage iska don injin ya tashi da sanyi, da hannu. Injin mai lita 2, wato XN1, yakan zo da mai maƙogwaro biyu, kamar Solex 32/35 SEIEA ko Zenith 35/40 INAT. Lambobin nan faɗin maƙogwaron ne da milimita. Sai dai bayan shekaru masu yawa, ba lallai ba ne injin da ke cikin motarka ya zama wanda ta fito da shi daga kamfani, don haka kada ka dogara da abin da aka rubuta a bayan but. Ka goge jikin kafiretar ka karanta abin da aka buga a kanta, ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, kuma mafi alheri ka cire ta ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ajiye ta kusa da wadda za ka saya ka gwada tazarar ramukan noti, da gefen da hannun totur yake, da inda mai ke shiga, da yawan bakunan tiyo.

Zaɓi biyu za ka tarar: ta hannu ta asali, ko sabuwa ta kwaikwayo. A ganina ta hannu wadda sandar toturinta ba ta motsi ta fi sabuwar kwaikwayo, amma sai an gwada ta da hannu kamar yadda aka gwada tsohuwar. Ni kaina na taɓa sayen wata da aka wanke tana ƙyalli, ban girgiza sandar ba saboda kunyar mai shago, na kai gida na ɗaura, sai na tarar cutarta ɗaya da wadda na cire. Idan kuwa sabuwa ka saya, kada ka ɗaura ta yadda ta fito daga kwali. Ka buɗe murfinta na sama, ka wanke kwanon man da fetur mai tsabta, domin akan tarar da ɓarɓashin ƙarfe a ciki, sannan ka kwatanta lambobin da ke kan jet ɗinta da na tsohuwar. Idan sun bambanta da yawa, ka nemi masu lamba daidai. Mayar da tsofaffin jet cikin sabuwar yana yiwuwa, amma da sharaɗin ba a taɓa zura musu waya ba, domin al'adar nan ta tsokace jet da silin wayar lantarki tana faɗaɗa ramin, lambar da ke jiki kuma ta zama ƙarya.

Tare da kafiretar ka sayi sabon gaskit na gindi, biyu idan akwai farantin hana zafi a tsakani, da sabuwar matatar mai, da tiyon fetur kamar mita ɗaya, da kilif masu sukuru. Kayan aiki ba su da yawa: sifana daga lamba 8 zuwa 13, sukudireba mai faɗin baki da mai kuros, filaya, tsummoki masu tsabta, tef da biro na yin alama, da ƙaramin kwano na tara noti.

Kwance tsohuwar

A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da janareta da mai shan taba, kuma injin ya huce sarai, wanda ya fi sauƙi idan motar ta kwana ba a tayar da ita ba. A ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Ka ja hambirki, ka sa giya a firi, ka cire wayar batir ta nagatif ka karkatar da ita gefe.

Cire matatar iska da bututunta shi ne zai bayyana kafiretar. Kafin ka taɓa komai, ka sake ɗaukar hoto, musamman na yadda sifirin ɗin totur ya maƙale da ramin da ya shiga, domin wannan ƙaramin abu shi ne yake rikita mutum idan an zo mayarwa. Kowane tiyo da kowace waya ka naɗa musu tef ka rubuta inda suka fito. Daga nan sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da tiyon mai: ka sa tsumma a ƙarƙashinsa, ka sassauta kilif, ka murɗa tiyon kafin ka ja, sannan ka toshe bakinsa da kusa mai tsabta. Kada ka fizge shi, domin bakin tagullar da yake ciki dasa shi aka yi a jikin kafireta, yana iya biyo tiyon. Sai siririn tiyon da ke tafiya zuwa dilko, da na numfashin injin idan akwai, da wayar lantarki guda ɗaya da wasu ke da ita don yanke mai idan an kashe mota. Idan cok ɗin na hannu ne, wayarsa tana da sukuru biyu, ɗaya yana riƙe silin, ɗaya yana riƙe rigar wayar. Ka sassauta su ka zare ta. Wayar totur ma haka.

A kan da yawa daga cikin waɗannan injuna za ka ga tiyo biyu na ruwan lagireto sun shiga gindin kafireta ko wurin cok, don su ɗumama ta. Ka rage ruwan lagireto kaɗan ko ka matse tiyon kafin ka cire, in ba haka ba ruwa zai malale a kan injin. Idan ka tarar wani ya riga ya cire su ya haɗe su da juna, kamar yadda aka yi wa motoci da yawa a ƙasashe masu zafi, ka lura da hakan don ka san yadda za ka yi da sabuwar.

Yanzu sai notin gindi. Ka sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi, ka kwashe su da wasarsu, wato zoben ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, ka ƙirga, ka zuba a kwano. Idan kafiretar ta liƙe, ka bubbuga ta a hankali da ƙotar sukudireba; kada ka cusa ƙarfe a tsakaninta da manifol, wato bututun injin da take zaune a kai, ka ɓanɓare, domin za ka ƙwarzane fuskar da ake so ta zauna sumul. Ka ɗaga ta a miƙe, tunda kwanonta cike yake da fetur, ka juye shi a gwangwani.

Da zarar ta tashi, abu na farko, kafin ka amsa waya ko ka sha ruwa, shi ne ka toshe bakin manifol da tsumma mai tsabta. Wannan rami kai tsaye yake tafiya zuwa bawul da fistin, kuma wasa ɗaya da ta faɗa ciki ta isa ta sa a sauke kan injin. Dalilin ƙirga noti ke nan: idan ka cire huɗu ka ga uku a kwano, aiki ya tsaya sai an gano na huɗun.

Shirya mazauni da hanyar mai

Wannan shi ne matakin da ake yi wa gaggawa, kuma shi ne yake raba aikin da zai daɗe da wanda za a sake. Ka kankare ragowar tsohon gaskit daga fuskar manifol da abu marar kaifi sosai, kana turawa waje ba cikin ramin ba, har sai yatsanka ya bi ta bai ji tudu ba. Ka duba farantin hana zafi, wato baƙin abin nan mai kauri da ke zama tsakanin manifol da kafireta. Idan ya tsage a canza shi, kuma kada a yar da shi a ce ba shi da amfani, domin shi ke hana zafin injin tafasa man da ke cikin kwano, abin da ke sa mota ta ƙi tashi bayan an tsaya da ita da rana tsaka. Ka kifa gindin sabuwar kafiretar a kan gilashi ko ka ɗora masa ƙarfen rula ka hanga ta haske. Idan haske yana wucewa ta tsakiya, gindin ya lanƙwashe, kuma ana iya gyara ƙaramin lanƙwasa ta hanyar shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi a goga a hankali, muddin faifan totur bai taɓa sanfefar ba.

Sai hanyar mai. Tankin da ya shekara talatin yana da tsatsa da laka a ƙasansa, balle idan motar ta saba shan man galan na bakin titi. Ka sa bakin tiyon da ya fito daga famfon mai a cikin kwalba mai haske, ka mayar da batir na ɗan lokaci, ka cire wayar da ke kai wuta kwayil don kada tartsatsi ya tashi, wani ya murɗa ki na daƙiƙa kaɗan. Man ya kamata ya fito da ƙarfi, bugu-bugu, kuma garau. Idan ka bar kwalbar ta natsa ka ga jan gari ko ɗigon ruwa a ƙasa, to sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba sabuwar kafiretar za ta toshe cikin mako guda ka zaci jabu aka sayar maka. Ka sake cire batir, ka sa sabuwar matatar mai kibiyarta tana kallon kafireta, ka canza duk tiyon da ya bushe ko ya tsattsage.

Ɗaura sabuwar

Ka zare tsumman daga manifol, ka leƙa ciki da tocila, sannan ka jera gaskit, farantin hana zafi, gaskit na biyu, kafireta a sama. A sa gaskit a bushe. Gam ɗin silikon da ake shafawa ko'ina ba ya jure fetur, yana narkewa ya zama kamar majina ya shige ƙananan ramuka. Ka ɗaura noti da yatsu har su zauna, sannan ka matse su da gajeriyar sifana kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, idan huɗu ne kuma a bi su a gicciye. Jikin kafireta ƙarfe ne mai taushi, ƙarfin wuyan hannu ya ishe shi. Wanda ya sa ƙarfin kafaɗa shi ne zai lanƙwasa gindin ya buɗe wa iska hanyar da yake ƙoƙarin rufewa.

Ka mayar da tiyo da wayoyi bisa alamun da ka yi. Wayar totur tana son ɗan sako-sako kaɗan idan ba a taka ba, don faifan ya koma ya rufe da kansa, sannan ka sa wani ya taka feda har ƙasa kai kuma ka leƙa ka tabbatar faifan ya miƙe tsaye ya buɗe gaba ɗaya. Ka sa ya saki ya taka sau da yawa, ka ga ko yana dawowa da sauri ba tare da maƙalewa ba, domin totur da ya maƙale a kan titi ba abin wasa ba ne. Wayar cok kuwa, ka tura maɓallinta ciki ka bar tazarar kamar milimita 2 kafin ya kai ƙarshe, ka tabbatar cok a buɗe yake sarai a jikin kafireta, sannan ka matse sukurun. Idan an bar cok a ɗan rufe, motar za ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi tana cin mai ba tare da an gane dalili ba. Ka cika ruwan lagireto idan ka rage shi.

Tayarwa da daidaita silo

A gindin kafiretar akwai sukurori biyu da za ka yi aiki da su: na gudun silo, da na gaurin mai, wanda yawanci yake da tsini da ɗan sifirin a wuyansa. Ka murɗa na gaurin mai ciki a hankali har ka ji ya taɓa, kada ka matse domin tsinin zai lalace, sannan ka dawo da shi waje zagaye biyu zuwa biyu da rabi. Wannan mafari ne kawai.

Ka mayar da batir da wayar kwayil, ka ja cok, ka murɗa ki. Kwanon man babu komai a ciki, don haka sai famfo ya cika shi; ka murɗa na daƙiƙa goma, ka huta rabin minti don sitata ta huce, ka sake. Kada ka tsiyaya fetur a maƙogwaro wani yana murɗa ki kai kuma fuskarka tana sama, domin idan injin ya yi tari, harshen wuta ta nan yake fitowa. Da ta tashi, ka bar sauraron ƙara ka duba yoyo tukuna: bakin tiyo, kewayen murfi, da cikin maƙogwaro. Idan ka ga mai yana ɗiga ko yana ambaliya, ka kashe nan take, allura ce ba ta rufe ba, kuma sau da yawa ɗan datti ne ya tokare ta.

Idan babu yoyo, ka mayar da matatar iska, domin da ita a kai ake daidaitawa. Wadda take da kwanon baƙin mai a ƙasa, irin da aka sa wa motocin da aka yi don ƙasashe masu ƙura, a wanke ta a zuba sabon mai daidai layin da aka zana, musamman bayan hunturu. Ka bar injin ya yi zafi sosai, ka tura cok ciki gaba ɗaya, ka kashe fitilu da fanka. Da sukurun gudu ka kawo silo wajen zagaye 850 zuwa 900 a minti. Sannan ka juya sukurun gaurin mai rubu'in zagaye, ka dakata daƙiƙa kaɗan injin ya amsa. Idan ka shiga ciki da yawa za ka ji yana rawa yana neman mutuwa, idan ka fito da yawa za ka ji ya yi nauyi yana gurnani, salansa tana warin ɗanyen mai. A tsakanin nan akwai wurin da ƙarar take tashi ta zama sumul. Nan ake nema. Idan gudun ya hau, ka sauko da shi da sukurun gudu, ka sake taɓa na gaurin mai sau ɗaya. Wanda ba shi da na'urar auna zagaye zai iya dogara da kunne da tafin hannu a kan fenda, amma aron na'urar ya fi, domin kunnen sabon hannu yakan so silo mai sauri fiye da kima.

Idan ka juya sukurun gaurin mai ko'ina injin bai damu ba, ko kuma ba ya zama sai da cok, to iska tana shiga ta wani wuri. Ka fesa ruwa kaɗan a kewayen gindin kafireta da bakunan tiyo. Inda ƙarar injin ta canza, nan ne kafar. Wasu suna yin wannan gwaji da fetur, amma a kan injin mai zafi ban ga dalilin kasadar ba.

Daga nan sai gwaji a kan titi marar cunkoso. Ka taka a hankali, ka taka da ƙarfi, ka saki totur gaba ɗaya ka taka kuloci ka ga ko silo zai riƙe. Bayan tafiyar kilomita ashirin ko talatin, ka bar injin ya huce ka cire filogi: ruwan ƙasa-ƙasa alama ce ta daidai, baƙin toka mai kama da kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuwa yana nuna mai ya yi kaɗan, wanda ya fi haɗari domin yana ƙona bawul. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina; idan tsohuwar kafiretar ta daɗe tana obafulo, fetur ya riga ya gangara ya tsinka man, sai a juye shi a sa sabo tare da matatarsa. Bayan kwana biyu ko uku, injin yana sanyi, ka sake bin notin gindi da sifana a hankali, domin sabon gaskit yakan kwanta bayan ya sha zafi, ka kuma duba kilif ɗin tiyon mai. Tsohuwar kafiretar kuwa ka tsiyaye ta, ka naɗe ta a leda ka ajiye, domin jet ɗinta da fulot da ƙananan sifirin ɗinta suna da wuyar samu a kasuwa yanzu, kuma akwai masu injin lediti da ke iya dasa mata sabon bushin a ramin sandar totur ta koma aiki.